Ƙafa Ɗari Biyu Daga Mama

Ranar da mijina Katung ya jawo jirgin ruwa zuwa ƙofar gidanmu a garin Bowie na ƙasar Amurka, ina tsaye a tagar kicin ina wanke tukunya. Sai na ga motarsa tana shigowa da baya-baya, tana tura wani abu fari da shuɗi wanda ya fi ɗakin da aka haife ni girma. Na ajiye soso na fita da kumfa a hannu. Mutumin da ya girma a gindin duwatsun Zonkwa, wanda duk ruwan da ya sani bai wuce na rafi da na bokiti ba, shi ne ya tsaya yana shafa gefen jirgi yana gaya mini cewa na hannu ne amma injinsa garau. Na tambaye shi ko ya iya iyo. Ya ce ai shi tuƙi zai yi.

Jirgin ma ba na kamun kifi ba ne, balle in ce za mu ci riba a miya. Akwai tankuna a cikinsa da ake ɗura wa ruwa da gangan, don gindinsa ya yi nauyi ya ɗan nutse. In ya yi nauyin nan ya kama tafiya a hankali, sai ya riƙa tayar da raƙumin ruwa a bayansa, tudu guda mai santsi da ke binsa duk inda ya nufa. Mutum zai hau ɗan katako, ya riƙe igiya har ya miƙe tsaye, sannan ya jefar da igiyar, ruwan ya yi ta tura shi. Da Katung ya gama bayani na yi dariya har na zauna a kan matakala. Ni dai tun da nake na san ruwa kwashe shi ake yi daga cikin jirgi, sai a Amurka na ga ana zuba masa.

Abin da ya sa na yafe wa jirgin nan, 'yarmu ce Abby. Shekarunta goma sha shida, kuma a gida in ba ka ji ƙarar firiji ba ba za ka san tana nan ba. Kullum tana ɗaki, kai a sunkuye, magana sai an ja. Amma ranar da ta fara miƙewa a kan katakon nan, a wani reshen kogi kusa da Annapolis, na ga wata yarinya dabam. Tana lilo a kan ruwa, tana hawa tana gangarowa, haƙoranta duk a waje. Na yi ta ihu a cikin jirgi har muryata ta dushe, washegari a asibitin da nake aiki marasa lafiya na tambayata ko mura nake yi.

Shi kuwa Katung, doka ce ta shiga ransa. Mai haɗa magani ne a wurin aiki, ya saba da awo, don haka da ya yi kwas ɗin tuƙin jirgi ya ci jarrabawa, sai muka shiga uku a teburin cin abinci. Ana tsakiyar tuwo zai ɗaga yatsa ya ce a jihar Maryland, in kana jan mai wasa a kan raƙumin ruwa, ba ka kusantar gaɓa ko gadar jirage ko wani jirgi ko mai iyo, sai da tazarar ƙafa ɗari biyu, domin ruwan da kake tayarwa yana cin gaɓa yana kuma kifar da ƙananan kwalekwale. Dole mai wasan ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa. Dole kuma a sami mutum ɗaya a cikin jirgi, ban da direba, wanda aikinsa kawai ya zauna yana fuskantar baya ya zuba wa mai wasan ido. Wannan aikin ni aka ba. Kowace jiha da nata tsarin, in ji shi, kuma in ka bar shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya har miya ta huce. Na taɓa tambayarsa yadda yake gane ƙafa ɗari biyu a kan ruwa tunda babu layi. Ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ana haka sai mahaifiyarsa, Mama Martha, ta zo mana daga gida.

Tun a filin jirgi abin ya karkace. Ni da Katung muka durƙusa a kan tayil ɗin mutane muka gaishe ta yadda ya kamata, matafiya na kewaye mu da akwatuna. Abby kuwa, wadda rabonta da kakarta tun tana rarrafe, ta tsaya ƙerere da waya a hannu, ta ɗaga yatsu ta ce, “Hi, Grandma.” Mama ta dube ta daga sama har ƙasa. Sannan ta miƙa wa Katung jakar busasshiyar citta da ta riƙo mana.

Gaskiyar magana, Abby na jin Hausa sarai. In na ce ta ɗauko ludayi ba za ta kawo cokali ba. Amsawa ce ba ta yi, tun wata Kirsimeti da ta gwada gaishe da baƙi, 'ya'yan 'yan'uwa suka yi ta kwaikwayon harshenta har ta gudu banɗaki. Daga ranar ta kulle bakin. Na yi faɗa, na yi lallashi, daga baya na gaji na ƙyale ta, kuma wannan ƙyalewar ita ce Mama ba ta gane ba.

Wata rana muna tsinke alayyafo a kicin, Mama ta ce da ni wannan zuwan shi ne na ƙarshe, gwiwoyinta ba za su sake ɗaukar zaman jirgin sama ba. Sannan ta ce, “Maman Abby, na zo ganin jika, na tarar da baƙuwa.”

Da na ɗaga kai sai na hango ƙafafun Abby a kan matakalar bene, sun tsaya, sannan suka juya suka koma sama a hankali. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban san wa zan yi wa fushi ba, tsohuwar ko yarinyar ko ni kaina.

Bayan wannan, in na wuce ƙofar ɗakin Abby sai in ji tana magana ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne, ashe gaisuwa take bita. Ina kwana, ina gajiya, lafiya lau, tana maimaitawa tana gyarawa. Amma da zarar ta sauko ta haɗa ido da kakarta, sai ta ce “Morning” ta shige firiji. Ga ranar tafiyar Mama tana matsowa, an riga an fara auna akwatuna. Ni kuwa tsorona ɗaya, kada tsohuwar nan ta hau jirgi ta tafi da wannan kalmar a bakinta, ita ma yarinyar ta zauna da ita a kunne har abada.

Abby ce da kanta ta kawo shawara. Ta same ni a gareji ta ce, da Turancinta, a kai Kaka kogi ranar Asabar ta ƙarshe. Ta ce in dai Kaka ta gan ta a kan ruwa, ko sau ɗaya, za ta san cewa akwai abin da ta iya.

Da na kai wa Mama maganar ta ce sam. Ita mutuniyar tudu ce, ko rafin garinsu sai rani take tsallaka shi, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Da ƙyar muka daidaita a kan cewa za ta zauna a gaɓa, ƙafarta a kan ƙasar Allah, ta yi kallo daga nan. Na yarda da sauri, sai daga baya na tuna cewa idon Mama na kusa ne kawai. Tana iya tsince tsakuwa a cikin shinkafa, amma in ka tsaya a tsallaken titi ba ta bambance ka da sandar lantarki. Na gaya wa Katung. Ya ce doka doka ce, ƙafa ɗari biyu ba ta raguwa don uwar direba ce ke kallo, amma zai sa ɗan'uwansa Kambai ya taho da madubin hangen nesa daga Gaithersburg.

Ranar Asabar muka fita da sassafe, ni da Katung da Abby, don mu sami layin sauke jirgi kafin jama'a su cika. Mama ba ta tashi ba tukuna, muka bar ta tana barci. Kambai ne zai ɗauko ta daga baya tare da abinci. A lokacin ba wanda ya kawo komai a ransa game da wannan.

Wurin da muke zuwa akwai wata gadar katako da ta miƙe cikin ruwa, ƙasa-ƙasa take, kusan daidai da fuskar kogin, a nan ake ɗaure ƙananan jirage. Da hantsi muka hango motar Kambai. Maimakon ya ajiye Mama a kan ciyawa kamar yadda aka yi alkawari, sai ya lallaɓa ta har ƙarshen gadar, wai don ta fi gani. Ya kafa mata kujera, ya jera kular dafa-duka da ta kunun zaƙi, ya hura gawayi a ɗan murhunsa ya ɗora masara. Mama ta sha kwalliya da sabon zanen zumuntar mata da ɗankwali mai tsini, kamar mai zuwa bikin godiya.

Abby ta shiga ruwa, Katung ya ja, ta miƙe. Muka wuce ta gaban gadar can nesa, yadda doka ta ce. Abby ta yi duk abin da ta iya, har da juyawa a kan katako. Na saci kallon gada, na ga Mama ta kafa madubin Kambai a ido tana kallon sama. Daga baya ta gaya mini ta ga gajimare da kyau, ta kuma ga karen wani Bature. A zagaye na biyu ta ajiye madubin, ta ɗaga hannu tana yi wa wani jirgi dabam murna, wanda wani ƙaton mutum mai jan gemu ke bayansa. Abby ta gani. Na ga kafaɗunta sun sauka.

A zagaye na uku Mama ta miƙe tsaye, ta kare ido da tafin hannu tana neman mu. Sai na ji Katung yana gunaguni a kan sitiyari. Ya ce tun da gari ya waye bai gaishe da mahaifiyarsa ba, ga shi ya wuce ta sau biyu kamar wata 'yar talla a bakin titi, wannan wane irin rashin tarbiyya ne. Ni ma abin na cina, ba zan ɓoye ba. A garinmu ko a kan keke kake, in ka ga babba sai ka sauko. Ban ce ya je ba, ban kuma ce kada ya je ba. Na dai ji jirgi yana karkata zuwa gada, mutumin da ya hana mu cin tuwo da zafi saboda ƙafa ɗari biyu yana cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Da muka zo dab da ita, har ana iya miƙa mata goro, ya rage gudu, ya cire hula, ya rusuna a kan sitiyari.

“Mama, ina kwana?”

Ni ma na juya, na bar kujerar kallo, na kai gwiwa ƙasa a cikin jirgi na ce, “Mama, an tashi lafiya?”

Fuskar Mama ta washe. Ta gyara tsayuwa, ta buɗe baki za ta amsa. Abin da muka manta shi ne, mu mun tsaya, amma tudun ruwan da muka jawo ba wanda ya gaya masa ana gaisuwa. Ya wuce ta gefenmu cikin natsuwa, ya daki gadar, ya tashi sama, ya sauka a kan surukata tun daga ɗankwali har takalmi. Murhun Kambai ya yi tsuwa ya mutu. Kular dafa-duka ta yi sulu a kan katako ta faɗa kogi, masara ta bi ta a baya. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ranar nan tsuntsu ne ya ja, uwarsa ta sha dukan. Kambai ya tsaya da mafici a hannu yana kallon gawayinsa.

Mama ta sa hannu ta share fuska. Ɗankwalin mai tsini ya kwanta mata a kunne. Ta tofar da ruwa kaɗan, sannan ta ce, “Lafiya lau. Ya gajiya?”

Wallahi na so in riƙe dariyar, amma ta fi ƙarfina. Na kwanta a ƙasan jirgi ina shure-shure, hawaye na zuba, Katung na ta ba da haƙuri yana neman tawul da hannu biyu. Sai can na tuna aikina. Na zabura na duba baya, babu Abby a kan katako. Sai ga kanta can tana yawo a cikin rigar ruwa, ta rungume katakonta, lafiyarta ƙalau, amma ba wanda ya ga lokacin da ta faɗi.

Kafin mu gama jawo ta, jirgin 'yan sandan ruwa ya iso. Mace ce a ciki, doguwa, da baƙin tabarau. Ta fara tambaya ko wani ya ji ciwo, ta dubi Mama da kyau, ta dubi Abby, sannan ta juyo kan Katung ta tambaye shi ko ya san tazarar da doka ta sa. Katung ya karanto mata dokar tas, har da sassan da ba ta tambaya ba. Ta ce to tunda ya sani haka, me ya kawo shi jikin gada? Ya nuna Mama ya ce mahaifiyarsa ce, kuma bai gaishe ta ba tun safe. Ta ce ai da ya ɗaga mata hannu daga nesa. Katung ya dube ta da mamaki na gaske, ya ce uwa ba tasi ba ce da za a ɗaga mata hannu. Na ga matar ta ciji leɓe ta kau da kai wajen masarar da ke yawo a ruwa. Duk da haka ta rubuta takardar tara ta miƙa masa, kuma ta kyauta, don ya cancanta.

Sannan ta tambayi wane ne mai kallon yarinya. Na ɗaga hannu kamar 'yar firamare. Ta ce ina idona yake lokacin da yarinyar ta faɗi? Na nuna Mama. Ta ce mini, a hankali kuma ba da wasa ba, mai kallo ba ya da wani aiki sai kallo, domin in yaro ya faɗi shi ne zai fara sani. Na ce ta yi gaskiya. Dariyar duk ta gudu daga bakina.

Muka ɗaure jirgi muka hau gada. Abby ta zauna a gefe da tawul a ka, ƙafafunta na lilo a ruwa. Ta ce, ba da kowa take ba, Kaka ko ganinta ba ta yi ba, a koma gida kawai. Da Turanci ta faɗa. Mama ba ta jin Turanci sosai, amma ta haifi 'ya'ya bakwai, ta san muryar yaron da ke gab da kuka. Ta matso kusa da ni tana matse bakin zane ta ce, me yarinyar ta ce, me kuma hukuma ta ce?

Na gaya mata abin da Abby ta ce, ban rage ba. Na gaya mata yarinyar ce ta roƙa a kawo ta, don ta gan ta. Na hukuma kuwa, na fassara, amma na ɗan ƙara gishiri. Na ce hukuma ta ce dole a sami babban mutum mai hankali ya zauna a cikin jirgi ya zuba wa yarinya ido, ko ƙiftawa ba a so, kuma ni an gwada ni na faɗi. Katung tuƙi yake, Kambai ga shi can yana kamun masara da sanda. Don haka wasa ya ƙare, sai mu tattara.

Mama ta dube ni. Sannan ta ce, “Wato ku biyu, manya da ku, kuka bar yarinya a tsakiyar ruwa ba mai kallonta?”

Na ce muna gaishe ki ne, Mama.

“Ni na ce ku gaishe ni? Ina zan gudu?” Ta juya wajen ɗanta. “Kai, ba ni rigar nan.”

Katung ya ce, Mama, ruwa ne fa. Ta ce ta sani, ai yanzu suka gaisa da shi, kuma tunda ta riga ta jiƙe me ya rage.

Shigar da Mama cikin jirgi aiki ne na mutum uku. Kambai ya riƙe hannu, Katung ya riƙe ƙugu, ni na riƙe zane kada a yi abin kunya. Muka ɗaura mata rigar ruwa mai ruwan lemo a kan zanen zumunta, muka zaunar da ita a kujerata tana fuskantar baya. Ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har yau in na duba ina ganin kamar shatin farcenta na nan. Da injin ya tashi ta rufe ido ta fara addu'a da yarenmu. Na tuna mata cewa mai kallo ba ya rufe ido. Ta buɗe ɗaya.

Wannan karon Katung ya kai mu tsakiyar kogi sosai, inda ko mai neman rigima ba zai ce mun kusanci wani abu ba. Abby ta shiga ruwa. Ta kwanta, ta ɗora dugadugai a kan katako, ta riƙe igiya. Katung ya ja. Ruwa ya kumbura a bayanmu, sai ga yarinya ta fito daga cikinsa a tsaye, kusa da mu ƙwarai, har ana ganin ɗigon ruwa a girarta.

Mama ta buɗe ɗaya idon. Abby ta jefo igiyar cikin jirgi, Mama ta yi wuf za ta mayar mata, na riƙe ta na ce haka ake yi. Ta ce to me ke riƙe da ita? Na ce ba komai. Abby ta hau saman tudun ta gangaro, ta ja baya kamar ruwan zai tafi ya bar ta, ta sake kunno kai, ta juya a kan katako ta dawo daidai. Hannun da ke matse ni ya saki. Can sai na ji Mama ta rangaɗa guɗa, irin ta ranar aure, har wasu masu kamun kifi a nesa suka waiwayo. Tana dukan cinyata tana cewa in duba, in duba, kamar ba ni na haifi yarinyar ba.

Daga nan Abby ta matso har kusa da gindin jirgi. A hankali ta lanƙwashe, ta sauke gwiwa ɗaya a kan katakon da ke gudu a kan ruwa, ta sunkuyar da kai.

“Kaka, ina wuni?”

Harshen nan dai nata ne, na Bowie, bai canza ba. Ba wanda ya yi dariya. Katung ya kafa ido a gaba yana tuƙi, amma na ga yana share fuska da hula.

“Lafiya lau,” in ji Mama. “Ina gajiya?”

“Ba gajiya.”

“Ya makaranta?”

“Lafiya lau.”

“Ya ruwa?”

Abby ta ce, “Da godiya.”

Iyakar abin da ta yi bitarsa a ɗaki ke nan, na sani, don na ji. Amma Mama ta gyara zama, irin zaman da take yi in ta sami abokin hira a bakin coci. Ta tambaye ta ya sanyi, ya ƙawaye, ya iyayenta marasa hankali, ya kifayen da ke ƙarƙashinta, sun ci dafa-dukan ko yaji ya yi musu yawa. Abby na amsa lafiya, lafiya, tana dariya, cinyarta na karkarwa. Na san abin da ke ranta, don ni na koya mata tun tana ƙarama: in ka durƙusa wa babba ba ka tashi sai ya sallame ka. Ita kuwa tsohuwar ta san da haka sarai, shi ya sa take ja.

Sai Katung ya waiwayo ya ce, Mama, ki sallame ta, ga gadar mota can gaba, doka ba ta bari mu matsa. Mama ba ta ko dube shi ba. Ta ce ta daɗe tana jiran gaisuwar nan, gada ta jira ita ma.

Katung ya dubi gada, ya dubi takardar da ke leƙowa daga aljihunsa, ya kashe gudu tun da sauran tazara mai yawa. Tudun ruwa ya kwanta a hankali. Katako ya fara nutsewa, Abby na durƙushe a kai ba ta motsa ba, ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji, har ya rage kai da kafaɗu a saman rigar ruwa, idonta na kan kakarta.

Mama ta ɗaga hannu ta sanar da direba, da muryar mai aiki, cewa yarinya ta shiga ruwa. Sannan ta leƙa ta ce, “To, tashi, ƙawata. Allah ya yi miki albarka.”

Muka jawo ta. Mama ta ƙwace tawul daga hannuna ta shiga goge mata kai da kanta, da ƙarfi, yadda ake goge wa ɗan yaye. Tana gogewa ta ce da ni, ba tare da ta rage murya ba, “Maman Abby, maganar nan da na yi miki a kicin, na janye ta.”

Daga ƙarƙashin tawul muka ji an ce, “Na ji, Kaka.”

Hannun Mama ya tsaya. Ta ɗaga tawul ɗin ta dubi fuskar yarinyar, ta daɗe tana dubanta, ta gane cewa waccan maganar ta kicin ma yarinyar ta ji ta. Ta jawo kanta ta manna a jikin rigar ruwan nan mai ruwan lemo, ni kuwa na yi kukana a fili ban ji kunyar kowa ba.

Katung ya yi gyaran murya ya ce ko mu koma gada, tunda Mama a jiƙe take kuma babu sauran abinci. Mama ta ɗaure ɗankwalinta, ta koma kujerar kallo, ta fuskanci baya. Ta ce ya juya jirgi ya sake tayar da ruwan, ita ba ta gama tambayar jikarta ba.